Awon Ƙafar 'Yar Fari

Shekara shida na yi ina aikin malamin gona a Safana, iyalina kuma suna Batsari. Litinin da sassafe nake hawa babur in tafi, in kwana huɗu a wani ɗaki da muke haya ni da abokin aikina, ranar Juma'a ana saukowa daga masallaci in kamo hanyar gida. Ba na bari la'asar ta same ni a Safana, don kowa ya san hanyar nan ba a yi mata yamma. Kuma ban taɓa dawowa hannu rabbana ba. Kullum akwai baƙar leda rataye a kan babur, da tsarabar yara a ciki.

'Ya'yana a lokacin biyu ne, duka mata, tsakaninsu shekara ɗaya da wata biyar. Ƙaramar ba ta da wuyar sha'ani. Ko goruba ɗaya ka miƙa mata sai ta zagaye gida da tsalle tana nuna wa kaji. Babbar kuwa, 'yar farina, ban taɓa kawo abin da ya yi mata ba. Ba ta kuka, ba ta ƙunƙuni. Za ta ɗauki abu ta juya shi, ta duba gaba ta duba baya, ta ajiye a gefen tabarma ta tashi. In uwarta ta ce, "Ba za ki ce an gode ba?" sai ta durƙusa daga nesa ta ce an gode, ta tafi ta bar abin a inda yake. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa hali ne, wani yaron haka Allah ya yi shi. Amma abin yana ci mini rai. So nake ko sau ɗaya in ga ta karɓi abin da na kawo da murna, ta san cewa ita ce a raina lokacin da nake saye.

A gidanmu ana kunyar ɗan fari, kuma ba da wasa ake yi ba. Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Ruma kafin tashin hankalin daji ya kwaso mu ya zube cikin gari, kuma al'adar ta biyo mu tare da turmi da tukwane. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zama su yi hira. In yaron ya faɗi ya fasa baki, sai ka kau da kai ka jira wani ya ɗaga shi. Uwa ma haka take yi, har ta fi uban. Ni ɗa na huɗu ne a wurin mahaifina, na hau wuyansa, na ja masa gemu, kuma ban taɓa tambayar kaina yadda babban wanmu yake ji ba in yana kallonmu daga gindin rumbu. Da aka haifa mini yarinyar nan aka sa mata sunan mahaifiyata, sai nauyin ya zama biyu. Ko laƙabin da 'yan gida suke kiranta da shi ban taɓa furtawa ba. In dole ta kama sai in ce "ke", ko in ce wa uwarta, "Ina yarinyar nan?" Mahaifiyar tawa, wadda muke kira Inna, tare muke zaune da ita. Ganinta ya yi rauni, ba ta iya zura zare a allura, amma irin wannan abu ba ya wuce ta.

Saboda haka tsaraba hanya ɗaya take bi a gidana. Ƙaramar tana jin ƙarar babur za ta fito zaure da gudu, in ɗaga ta sama, in kwance ledar in ba ta, in ce, "Je ki, ku raba ke da yayarki." Kafin ta kai tsakar gida ta buɗe, ta lasa, ta gwada, ta ware nata. Duk abin da ya isa hannun babbar, ta hannun ƙanwarta ya biyo. Ban ga aibin hakan ba a lokacin, haka na taso na ga ana yi.

Na fara da dabarar da kowane uba yake farawa da ita, wato sayen iri ɗaya. Awarwaro launi ɗaya, 'yan kunne iri ɗaya, ɗankwali biyu da aka yanka daga yadi guda. Ƙaramar sai ta ce nata ya fi ƙyalli, ta tsaya cikin rana tana juya hannu a gaban yayarta. Wata rana babbar ta dubi nata awarwaron ta ce wa uwarta, "Nata aka saya, aka ce a ƙaro ɗaya." Ina ɗaki na ji, na yi dariya, na ce yarinyar nan aikin lauya ya dace da ita. Gaskiya kuwa haka na ce wa mai koli, a ƙaro ɗaya, amma ban ga yadda hakan zai zama laifi ba.

Sai na koma sayen daban-daban, a nan ne gidan ya rikice. Na kawo jakar makaranta biyu, ja da shuɗiya. Ƙaramar ta rataya jar tun a zaure. Da ta ga yayarta ta ɗan shafa shuɗiyar da yatsa, sai ta ce ai ita shuɗiyar take so, ta kwanta a ƙasa tana birgima. Aka ba ta shuɗiyar don a samu lafiya. Kafin magariba ta ce ta fasa, jar ta fi yawan aljihu. Babbar ta tura mata duka biyun da ƙafa, ta ci gaba da zuba littattafanta a ledar da ta saba. Wata biyu ƙaramar tana zuwa makaranta yau da ja, gobe da shuɗiya, har 'yan ajinsu suna tambaya ko ubanta kanti ya buɗe.

Uwarsu ta ce mini, "Malam, ka sa babba ta riƙa fara zaɓa mana, ko za a huta." Na yarda. Juma'ar da ta biyo na gargaɗi ƙaramar kada ta buɗe leda, ta kuwa rungume ta a ƙirji har tsakar gida, ta zazzage a kan tabarma. Ɗan madubi ne mai marfi da kwalbar man shafawa mai ƙamshi. Babbar ta dube su, ta juya ta tambayi ƙanwarta, "Wanne kike so?" Ƙaramar ta nuna madubi. Babbar ta ɗauki man, ta kai ɗakin Inna ta ɗora a kan taga. A nan ya zauna har ya daskare, ba a ko ɓalle murfinsa ba.

Abokin ɗakina a Safana 'ya'yansa tara, yana ganin ba abin da bai sani ba a kan yara. Ya ce shagwaɓa ce, in daina kawo mata komai na sati uku in ga ikon Allah. Na gwada sati ɗaya. Na kawo wa ƙaramar abin ɗaure gashi, na ce nata ne ita kaɗai, na zauna ina satar kallon babbar. Ta ci gaba da tsintar wake a faifai, fuskarta yadda take kowace Juma'a. Ni ne na kasa cin tuwo a daren. Abin ci kaɗai take karɓa ba gardama, tsire ko rake ko ƙuli-ƙuli, shi ma don Inna ce take rabawa da hannunta.

Takalmi ya fi komai ba ni haushi, don shi kowa yana gani. Sau biyu nake saya a shekara, ƙaramar salla da babba. A wurinmu ba a kai yaro kasuwa gwajin takalmi, awonsa ake kaiwa. Ka samu siririn kara, ka tsayar da yaro, ka karya daidai tsawon ƙafarsa daga dunduniya zuwa babban yatsa, ka sa a aljihu. Mai takalmi ya zura karan a ciki, in ya kwanta da ɗan sarari, an gama ciniki. Ƙaramar nakan ɗora ta a cinya in auna, tana ƙyalƙyala dariya wai ina yi mata cakulkuli. Babbar kuwa ni ba zan kama ƙafarta ba, uwarta ba za ta kama ba. In kuma na ce Inna ta auna mini, wannan ma nuna damuwa ne da 'yar fari, za ta dube ni ta tambaye ni yaushe na lalace. To sai na bi hanya mafi sauƙi. Tunda ta girmi ƙanwarta, sai in miƙa wa mai takalmi kara ɗaya in ce, "Ɗaya daidai wannan, ɗaya kuma ka ƙara yatsa biyu." Ni da nake hana manoma shuka da ka, nake sa su ja igiya su auna tsakanin rami da rami, haka na yi ta sayen takalmin 'yata shekara da shekaru.

Ranar salla za ta zura, ta taka daga bakin ɗaki zuwa bakin rijiya yana fat-fat a dunduniyarta, ta dawo ta cire. Uwarta ta ce, "Ai za ki girma ki cike shi." Ni ma ban ɗauki ƙarar a bakin komai ba, takalmin yara ai da sarari ake sayensa. Sai ta koma cikin silifas ɗin da Inna take saya mata wurin masu tallan gida-gida, ta fita yawon salla da sabon ɗinki a jiki, tsohon silifas a ƙafa. Kafin wata sallar ƙaramar ta gaje takalmin, ta haɗa biyu. Mutanen unguwa suna gani, ni kuma ina jin nauyi kamar na gaza. Na sa wannan ma cikin jerin halinta.

Shekarar da ta gama firamare, ƙanwata da ke aure a Katsina ta zo ganin gida, ta ce a ba ta yarinyar ta riƙe, ta yi sakandare a can. Da Inna aka yi maganar, ba da ni ba. 'Yar fari ta dangi ce, uba ba shi da bakin cewa a'a, in ma ya nuna yana jin rabuwar sai a yi ta ba da labarinsa a wurin suna da biki. Inna ta ce mata, "Ɗiyarki ce, in an buɗe makaranta ki zo ki tahi da ita." Da na dawo ranar Juma'a aka gaya mini tsakanin labarin akuyar da ta haihu da na buhun gero da ya tashi. Na ce Allah ya sa alheri. A raina kuwa ban so ba ko kaɗan. Saura Juma'a uku a buɗe makaranta, wato leda uku ke nan suka rage mini. Wanda aka kai riƙo ba ya cika dawowa gida da zama, kuma na ga in ta tafi a haka, za ta girma da sanin cewa ubanta bai taɓa kawo mata abin da ya dace da ita ba.

Juma'ar farko na kawo ɗan akwati na tafiya, mai zif da makulli. Na ba ƙaramar na ce ta kai wa yayarta, wannan na mai tafiya ne. Kafin in gama gaisawa da Inna ta zuba kayanta a ciki ta kulle, ta ce ita ma Katsina za ta. Aka yi rarrashi, aka yi tsawa, ta ɓoye makullin a bakinta. Babbar ta je ta ciro tsohuwar jakar Inna ta kakkaɓe ta fara jera kayanta.

Washegari Asabar da hantsi ina zaure ina gyaran sarƙar babur. Su biyun suna wanke-wanke a bayan katangar, ba su san ina jin su ba. Ƙaramar tana cike da haushin cewa yayarta za a kai birni ba ita ba, tana ta neman inda za ta soka mata magana.

Ta ce, "Don ba a son ki a gidan nan za a ba da ke."

Babbar ta ce, "To."

Ƙaramar ta ga wannan bai shiga ba, sai ta ƙara. "Ni Baba ƙafata yake aunawa da hannunshi. Ke ko ƙari ake yi maki a kan tawa."

Na tsaya da aiki ina jiran in ji mari ko zagi. Sai na ji babbar ta ce, da muryar da take amsa kira, "Na sani. Miƙo mani soson nan."

Na daɗe zaune da baƙin mai a hannu. Da kuka ta yi, ko ta rama, da na shiga na tsawata musu su biyun na wuce wurin. Amma ta faɗi "na sani" ɗin nan kamar abin da ta daɗe da gama tunaninsa ta ajiye. Raina ya ɓaci, kuma ba da kowa ba sai da kaina. Na gane ba tsada take nema ba, ba launi ba. Amma gane abu daban, yin sa a gidan da Inna take zaune daban. Ko a ranar ban ga yadda zan ce wa yarinyar nan ta miƙo ƙafarta ba.

Damina ce, ranar Lahadi da asuba aka yi ruwa mai yawa. Tsakar gida ta yi laushi, musamman wajen gindin zogale kusa da akurkin kaji. Da gari ya waye su biyun suka shiga ɗebo ruwa daga rijiya zuwa randa, ba takalmi a ƙafarsu. Ina zaune a ƙofar ɗakina da rediyo a kunne, kaina a sunkuye kamar mai sauraren labarai, alhali ƙasa nake kallo. Na ga inda babbar ta sauke ƙafarta ta dama, dab da wani ɗan dutse, sawun ya fito sarai har da yatsu. Na riƙe wurin da ido, ina addu'a kada kaza ta bi ta kai.

Na jira har suka tafi Islamiyya, uwarsu ta shiga madafa, Inna ta koma ɗaki da carbinta. Na zare siririn kara daga jikin danga, na tsuguna, tsugunon bai yi ba sai da na sa gwiwa a ƙasa. Na ɗora karan daga dunduniya zuwa babban yatsa na karya. Kusa da shi akwai sawun ƙaramar, na san shi da faɗinsa, irin ƙafata ta ɗauko. Ban san abin da ya sa na ɗora karan a kansa ba, watakila sabon aiki ne. Bai kai ba. Sawun ƙaramar ya fi karan da kusan yatsa guda. Na nemi wani sawun na sake, na kuma sakewa, don na san yadda awo yake yaudarar mutum. Sau uku amsa ɗaya. Ƙafar babbar ba ta kai ta ƙanwarta ba, gajera ce siririya irin ta uwarta. Duk shekarun nan yatsa biyu nake ƙarawa a kan ƙafar da ta riga ta fi tata, ga kuma sararin da mai takalmi yake bari.

Inna ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce, "Wa ke nan wajen kaji?"

Na ce, "Ni ne, Inna, danga nake dubawa."

Na tashi na goge gurbin gwiwata da tafin ƙafa, na naɗe karan a takarda na sa a aljihun ciki.

Ranar kasuwar Safana na je wurin mai takalmin da na saba, wani dattijo mutumin Runka da ya dawo cikin gari da zama. Muka gaisa, ya tambayi aiki da iyali da ruwa, na tambayi mutanen gida da ya baro. Ina fito da karan ya ce, "Ɗaya daidai, ɗaya a ƙara yatsa biyu ko, Malam?" Na ce a'a, yau ɗaya nake so, kuma daidai. Ya juya karan ya ce, "Wannan ai ba ƙafar da na sani ba ce. An samu wata ɗiyar ne?" Na ce ta wani ɗan'uwana ce ya ba ni saƙo.

Ya baje mini kusan ƙafa goma, ya tambaye ni wane launi yarinyar take so. A nan na tsaya. Shekararta goma sha biyu a gidana, abin da na sani kawai shi ne ta taɓa shafa wata shuɗiyar jaka da yatsa. Na ce shuɗi. Ya tona buhu har ƙasa, shuɗin da ke akwai duk sun yi wa karan yawa. Na ɗauki wannan na ajiye, na ɗauki wancan na lanƙwasa, har dattijon ya gaji ya koma cinikinsa da wasu, ya ce in na gama shawara da ɗan'uwan nawa in kira shi. Daga ƙarshe na ɗauki wani ruwan ƙasa mai maɗauri a dunduniya, fatarsa da laushi, karan ya kwanta a cikinsa da sararin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na saya wa ƙaramar sarƙar wuya ta roba da alewa, na ce a sa mini a leda daban.

Juma'a ta biyu na iso gida da leda biyu, ɗaya a kan babur, ɗaya a cikin jakar aikina. Na ba ƙaramar tata. Na shiga na tarar Inna a tsakar gida, babbar tana zaune kusa da ita tana yanke mata farce. Na gaishe da Inna na wuce ɗaki da jakar. Asabar na ce sai Inna ta shiga wanka. Da ta shiga, sai ga maƙwabciya ta zo aron rariya ta zauna hira. Lahadi ban ma nemi dalili ba. Litinin da sassafe na koma Safana da takalmin a jaka, ya kwana huɗu a ƙarƙashin katifata, abokin ɗakina yana tambaya ko sana'ar takalmi na fara.

Jinkirin nan ni ya cuta. Juma'a ta uku ita ce ta ƙarshe, washegari da safe za su tafi, kuma ƙanwata ta riga ta iso tun Alhamis. Maimakon idon Inna kaɗai, yanzu har da na wadda ba ta iya riƙe labari ko na yini ɗaya.

Ƙaramar ta tare ni a zaure kamar kullum. Na ba ta ledarta, ta hango ta biyu a hannuna ta kai hannu. Na ɗaga sama na ce, "Wannan ba taki ba ce." Ba ta taɓa jin haka daga bakina ba. Ta tsaya ta dube ni, sai ta juya da gudu ta shiga gida tana shela, "Baba ya hana ni leda." Kafin in shigo kowa ya juyo.

Inna tana kan tabarma da carbi. Ƙanwata tana kan kujera 'yar tsugunno tana yi wa babbar kitson tafiya, an yi rabi saura rabi. Uwarsu tana bakin murhu. Na durƙusa na gaida Inna, na ja gaisuwar fiye da kullum, na tambayi ƙafarta da bayanta da barcinta. Na gaisa da ƙanwata, na tambayi maigidanta da yara da hanya. Gaisuwa ta ƙare, ledar tana hannuna.

Na ce, "Ke."

Su biyun suka ɗago. Ƙaramar ta taso.

Na ce, "Ba ke ba. Yayarki."

Babbar ta dubi uwarta, uwarta ta sunkuya tana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Ta tashi da rabin kitso, ta zo ta durƙusa a inda ta saba durƙusawa, taku uku tsakanina da ita. Hannuna ba zai kai ba, dole ni na matsa. Ƙanwata ta yi 'yar dariya ta ce, "Yau kuma, Yaya?" Na miƙa ledar. Carbin Inna ya tsaya. Yarinyar ta sa hannu biyu ta karɓa.

Ta buɗe ta juya takalmin gaba da baya yadda take yi wa komai, na jira ta ajiye a gefen tabarma. Sai ta zauna ta zura ƙafar dama, ta ɗaure maɗaurin, ta zura ta hagu. Ta miƙe ta taka zuwa bakin rijiya ta dawo, ba a ji ƙarar komai ba. Ta sake zuwa ta dawo, wannan karon da sauri.

Ƙaramar ta ce, "Ai nawa zai zama. Cire in gwada."

Ta cire ɗaya ta ba ta ba musu. Ƙaramar ta tura ƙafa, ta cije baki, ta tsaya ta buga a ƙasa, dunduniya ta ƙi shiga. Ta yi jifa da shi ta tafi bayan uwarta tana kumbure-kumbure. Babbar ta ɗauko ta kakkaɓe ƙasar da gefen zaninta ta mayar a ƙafa. Daga nan ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta yi wayo.

Ta ce, "Baba, ƙafar wa aka auna?"

Amsar tana bakina, karan ma yana aljihuna a naɗe cikin takarda. Ba abin da nake so a duniya a lokacin kamar in ce taki. Amma Inna ta juyo da fuskarta gaba ɗaya wajena, ƙanwata ta riƙe tsinken kitso a sama, bakinta a shirye. Na ji yadda za a ba da labarin a Katsina da Ruma da duk inda muke da dangi, cewa wane ya sa gwiwa cikin taɓo a gaban akurkin kaji yana awon sawun 'yar fari. Shekarata arba'in da ɗoriya, ina da gemu, ina tara manoma a ƙarƙashin bishiya su yi shiru su saurare ni, amma na kasa.

Na ce, "Ba a auna ba. Mai takalmin ne ya zaɓo da ka."

Carbin Inna ya ci gaba da tafiya. Ƙanwata ta ce wa yarinyar ta zo a ƙarasa kitso kafin rana ta faɗi.

Takalmin nan shi ne abu na farko da na kawo yarinyar ta karɓa. Da shi ta shiga mota washegari, kuma ƙanwata ta gaya mini daga baya cewa sau biyu ana kai shi wurin mai gyara kafin ta yarda ta rabu da shi. Na sha shirya yadda zan gyara maganar in ta zo hutu, ban gyara ba har yau. A ranar dai ba ta koma wurin kitson nan take ba. Ta tsaya tana kallon ƙafafunta.

Ta ce, "Mai takalmin bai taɓa ganina ba ko?"

Na ce, "Bai taɓa ba."

Ta ɗan motsa yatsunta a cikin takalmin, ta ce, "Ya iya zaɓe. Allah ya saka mashi da alheri."

Inna ta ce amin. Uwarta ta ce amin daga bakin murhu. Ni ma na ce amin.